Yadda Ake Yi Idan Bindigar Toka Ta Ƙi Tashi Kuma Hula Ta Maƙale

Bindigar toka da aka ja kunamarta ta yi shiru ta fi wadda ta tashi haɗari. Wadda ta tashi ta riga ta zubar da abin da ke cikinta. Wadda ta yi shiru kuwa albarushinta na nan, harsashinta na nan, wataƙila ma wuta ta riga ta kama a ciki tana ci a hankali, ga shi mai ita ya fusata, yana jujjuya ta, yana leƙa bakinta, yana neman wuƙa ya ɓanɓare hula. A wannan ɗan taƙin ne yatsu ke tafiya, ido ke tsiyayewa, wani lokaci ma wanda ke tsaye a gefe bai ji ba bai gani ba shi abin zai samu.

Lokaci biyu ne matsalar ta fi yawa a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa. Na farko bayan kaka, idan an kawar da amfanin gona maharba sun fara shirin shiga daji. Na biyu gab da Sallah, lokacin da 'yan bindiga ke shirin rakiyar sarki ko hakimi, ko a Hawan Daushe a Kano, ko a hawan masarautun Haɗejia da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse. Duk a lokutan biyu bindigar da za a ɗauko ta shafe watanni a jingine a lungun ɗaki ko a saƙale a rufi, ta sha laimar damina, kuma sau da yawa wanda ya ajiye ta ba zai iya rantsuwa ko a ɗure ya bar ta ko babu komai a ciki ba.

Kafin a shiga aiki, maganar doka. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuninsu daban, kuma ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon hana riƙe su sai da lasisi. Ƙera bindiga da gyara ta a matsayin sana'a su ma sai da izini. Saboda haka wannan bayani na wanda ke riƙe da tasa bisa ƙa'ida ne, kuma a kan yadda zai fita lafiya ne idan ta ba shi matsala. Farauta kuma tana da inda aka hana ta, irin su Dajin Falgore da fadamar Baturiya.

Yadda wutar ke tafiya

Wanda bai san hanyar da wuta ke bi ba ba zai san inda ta tsaya ba. A gindin bututun bindiga akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini da rami siriri a tsakiyarsa, wanda zan kira nono. A kansa ake kifa hula, wato 'yar ƙaramar kwalfar jan ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa idan an doke shi. Idan ka ja kunama, ƙarfen da ka ɗana, wanda zan kira guduma, sai ya sari hular, tartsatsi ya bi ta ramin nono ya isa ga albarushi. Sunayen nan sukan bambanta daga gari zuwa gari, amma kayan iri ɗaya ne.

Dabarar ta samo asali daga wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Forsyth, wanda ya yi mata rajista a 1807. Maharbin tsuntsayen ruwa ne, kuma abin da ya dame shi da bindiga mai ƙyastu shi ne walƙiyarta kan gargaɗi tsuntsu ya tashi kafin harsashi ya fita. Hular jan ƙarfe ta biyo baya da 'yan shekaru.

Ke nan wurare huɗu ne wutar za ta iya tsayawa: guduma ba ta doki hula da ƙarfi ba, ko hular kanta ta mutu, ko ramin nono ya toshe, ko albarushin ya jiƙe. Duk abin da zai biyo baya neman wanne ne daga cikin huɗun nan, ba tare da ka sa wani sashe na jikinka a gaban bakin bindiga ba.

Mataki na farko: kada ka yi komai

Ka ja kunama, ka ji "ƙas" ko ka ji ɗan "fat" na hula, bindiga ba ta tashi ba. Ka bar ta a kafaɗarka yadda take, bakinta na kallon inda ka nufa tun farko. Ka jira minti ɗaya cikakke, biyu sun fi. Idan babu agogo, ka ƙirga har ɗari da ashirin a tsanake.

Dalili shi ne albarushin da ya ɗan sha danshi, ko wanda mai ya taɓa, yakan kama wuta a makare. Tartsatsi ya shiga, yana cin dattin da ke ramin a hankali, sai bayan daƙiƙa biyar ko goma ko fiye ta tashi da dukkan ƙarfinta. Idan a lokacin ka riga ka sauke ta ka juyo kana ce wa abokin tafiyarka "ka ga ta ƙi", to shi ka saita. Fakarar da ka nufa ta tafi, ka bar ta ta tafi.

A wurin hawa abin ya fi wuya, domin hayaƙi ya turnuƙe, bindigogi ashirin sun tashi lokaci guda, dawakai na haniniya, kai kanka ba lalle ka gane taka ba ta tashi ba. Sai ka sake ɗurawa a kan ɗurin farko. Wannan ba sakacin mutanenmu kaɗai ba ne. Bayan gumurzun Gettysburg a yaƙin basasar Amurka a 1863, an tsinci bindigogi sama da 27,000 a filin daga, kimanin 24,000 a ɗure suke, kuma aƙalla rabin waɗannan an ɗura musu fiye da sau ɗaya. Sojoji ne da aka horar, ruɗani ya sa suka yi haka. Maganin abin shi ne alamar da za mu zo kanta a ƙarfen ɗuri, wato sandar da ake tura ɗuri da ita cikin bututu.

Idan kana cikin taro, ka ɗaga bakinta sama, ka fita daga cikin mutane, ka gaya wa babbanku a fili: "Baba, tawa ta ƙi tashi, akwai ciki." Babu abin kunya a nan. Ka nemi inda akwai tudun ƙasa ko jigawar rairayi, ka mayar da bakinta can. Bangon siminti da dutse da kan ruwa duk ba su yi ba, domin harsashi kan yi tsalle ya dawo.

Cire hula

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai. Muddin hula na kan nono, bindigar nan a shirye take. Ba a tsokaci rami, ba a zura ƙarfen ɗuri, ba a miƙa wa wani, sai an cire ta.

Ka fara da zama ko durƙuso, ka ɗora bindigar a cinyarka ko a kan wani itace, bakinta na kallon tudun nan. Ka sa tabarau, ko da irin na masu babur ne, domin ɓarɓashin jan ƙarfe ido yake nema. Ka janye yatsanka daga kunama gaba ɗaya. Ka ja guduma baya da babban yatsa. Wasu bindigogin suna da matsaya ta rabi, inda guduma ke kamawa kuma kunama ba ta iya sakinta. Idan taka tana da ita, a nan za ka tsayar. Da yawa daga cikin ƙirar gida ba su da ita, ko kuma ta cinye. Idan haka ne, ka ɗana ta gaba ɗaya, sannan ka cusa wani guntun fata mai kauri ko tsumma da aka ninka sosai tsakanin guduma da jikin bindiga, yadda ko ta suɓuce ba za ta kai ga hula ba.

Yanzu ka dubi hular da kyau, domin iri biyu ce kuma ba ɗaya ake yi musu ba.

Hular da ta riga ta tashi za ka gan ta ta tsage, ta yi baƙi, gefenta ya buɗe. Wannan ba ta da sauran ƙarfi, matsalarta kawai ta manne da datti, ko ta naɗe a wuyan nono. Ka sa farce a ƙarƙashin leɓenta ka ɗaga. Idan ta ƙi, ka fiƙe ɗan itace mai tauri, ko ka sami guntun tagulla mai faɗin baki, ka riƙa ɗagawa kaɗan daga wannan gefe, kaɗan daga wancan, har ta sako. Wani lokaci za ka duba nono ka ga babu hula sam: ta shige cikin kwarmin fuskar guduma ta maƙale a can. Ka ƙwaƙulo ta. Idan ka bar ta, ita za ta zame wa sabuwar hula matashi, duka ya yi laushi, bindiga ta sake ƙin tashi ka rasa dalili.

Hular da guduma ta doka amma ba ta tashi ba, ita ce abin tsoro. Za ka ga samanta ya ɗan loɓa amma jikinta lafiya lau, tana ƙyalli. Sinadarin da ke cikinta na nan da ransa, kuma dukan da ya sha ya riga ya farfasa shi, yanzu gogayya kaɗan ma tana iya tayar da shi. Dokar wannan guda uku ce. Kada ka matse ta da filaya ko awartaki. Kada ka murɗa ta a kan nono. Kada ka ƙwanƙwasa samanta ko gefenta da wuƙa. Daga ƙasa kawai ake ɗaga ta, a miƙe, da itace ko tagulla, kana gefe, fuskarka ba ta bisa kanta. Abin da ya sa ake guje wa baƙin ƙarfe shi ne yana iya fitar da tartsatsi idan ya gogi ɗan'uwansa, tagulla da jan ƙarfe kuwa da wuya su yi hakan.

Idan ta kafe ta ƙi motsi, kada ka ƙara ƙarfi. Ka ɗiga mata ruwa ya shiga ƙarƙashin leɓenta ya jiƙa dattin da ya riƙe ta, ka jira minti goma, ka sake gwadawa. Ruwan ba tabbacin ya kashe ta ba ne, don haka ka ci gaba da ɗaukarta a matsayin mai rai. Da ta fita, ka jefa ta a gwangwanin ruwa, kada ka mayar da ita cikin sauran, kada kuma ka yar a inda yara ke wasa.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Bayan an cire hula mai rai, sinadarinta kan ɓalle ya zauna a kan nono, ɗan farin gari ko mai ruwan toka da ido bai cika kamawa ba. Idan guduma ta faɗa a kansa, bindiga na iya tashi alhali babu hula. Ka goge kan nono da jiƙaƙƙen tsumma sosai, sannan ka sa guntun fatar nan a kai kafin ka sauke guduma a hankali.

Me ya sa hula ke maƙalewa tun farko? Babban dalili shi ne wasa da kunama babu hula. Duk lokacin da guduma ta faɗa kan nono tsirara, bakinsa na ɗan baje, har ya koma kamar kan tsohon turken da ya sha duka. Sai hula ta daina zama har ƙasa, a tura ta da ƙarfi, ta kuma ƙi fita. Irin wannan nono shi ke jawo bindigar da sai an ja kunama sau biyu: dukan farko hula yake zaunarwa, na biyu ne ke tayar da ita. Dalili na biyu shi ne hular da ba girman nonon ba ce. Na uku tsatsa da busasshen datti.

Gano ko akwai ciki, kuma nawa ne

Wannan aikin tun ranar da bindiga take wanke babu komai a ciki ya kamata a yi shi. Ka zura ƙarfen ɗuri har ya taɓa gindi, ka yi masa zane daidai bakin bututu. Idan ka ɗura yadda ka saba, ka sake zurawa ka yi zane na biyu. Daga ranar, ƙarfen ɗuri zai riƙa gaya maka gaskiya: ya nutse har zanen farko, babu komai, ya tsaya a na biyu, ɗuri ɗaya, ya tsaya sama da na biyu, ko dai ɗuri biyu ne, ko harsashi bai zauna a kan albarushi ba, ko wani abu ya shiga. Zanzaro ma kan gina ɗakinsa na laka a cikin bututun da aka daɗe ba a taɓa ba.

Idan ba ka taɓa yin zanen ba, ka zura ƙarfen, ka kama daidai inda ya tsaya, ka zaro shi ka shimfiɗa a bayan bututu. Idan ƙarshensa bai kai daidai nono ba, akwai abu a ciki.

Yadda ake riƙe ƙarfen ma yana da ƙa'ida. Da yatsu biyu daga gefe, bakin bindiga a karkace nesa da fuska da ƙirji. Tafin hannu ba ya hawa kan ƙarshen ƙarfen ɗuri, ko da wasa.

Duk bindigar da ƙarfen ɗuri ya nuna ta wuce zane na biyu, ba a gwada harba ta. Tazara tsakanin albarushi da harsashi, ko toshewa a tsakiyar bututu, su ne ke kumbura ƙarfe ko su fasa shi a hannun mutum. Kai tsaye za ka wuce zuwa jiƙawa da zarowa.

Idan ɗuri ɗaya ne daidai

Yanzu sai a koma kan wurare huɗun nan. Abin da kunnenka ya ji shi zai raba maka hanya.

Idan "ƙas" kawai ka ji, hula ba ta tashi ba, laifin na sama ne. Ka duba kwarmin guduma ko akwai tsohuwar hula. Ka duba ko guduma na sauka daidai tsakiyar nono ko ta karkace tana saran gefe. Shaidar dukan da ke kan hular da ka cire za ta nuna maka. Ka ji ƙarfin sifirin, wato ƙarfen da ke harba guduma gaba, da babban yatsa: idan guduma na ɗanuwa da sauƙi fiye da yadda ka sani, ya saki. Ka duba kuma ko itacen ƙota ya kumbura saboda damina yana gogar guduma. Idan duk waɗannan lafiya, hular ce ta sha laima. Sifirin da ya saki da guduma da ta karkace aikin maƙeri ne, ba na bakin daji ba.

Idan kuwa hula ta yi "fat" amma albarushi bai amsa ba, hanyar ce ta toshe ko albarushin ya lalace. Ka sami silin wayar lantarki guda ɗaya, jan ƙarfen nan da ke cikin tsohuwar waya, ka zura a ramin nono a hankali. Allurar ɗinki ba ta dace ba: baƙin ƙarfe ce, kuma tana da saurin karyewa, idan ta karye a ciki ka ƙara wa kanka aiki. Ƙaya ma haka. Ka dubi abin da wayar ta fito da shi. Busasshen baƙin gari mai ɓarɓashi datti ne kawai, ka ci gaba har ka ji ta wuce. Idan ta fito da wani abu mai danƙo, baƙi ƙirin, mai warin mai, to mai ne ya gangara ya haɗu da albarushi, kuma wannan ɗurin ya riga ya mutu.

Idan hanya ta buɗe kuma a bushe take, ka sa sabuwar hula, ka saita tudun ƙasar nan, ka harba. Ta sake ƙi, ka sake jiran minti biyun nan daga farko, ka cire hula kamar dā. Ni a ganina gwaji biyu ya isa. Wanda ya kai na biyar yana ɓata hula ne kawai, kuma kowane gwaji haƙurinsa raguwa yake.

Akwai dabarun da ake yi a daji waɗanda ba su da wurin zama a nan: barbaɗa albarushi a kan nono a kunna da ashana ko garwashi, hura bakin bututu da baki, buga gindin bindiga a ƙasa wai albarushi ya sauka. Kowannensu ya taɓa yi wa wani aiki, shi ya sa ake ci gaba da yi, amma kowannensu yana sa fuska ko hannu daidai inda wutar za ta fito.

Jiƙawa da zarowa

Bindigar da ta ƙi tashi bayan wannan, sai a kashe albarushinta da ruwa kafin a taɓa abin da ke cikinta. Albarushi ruwa na narkar da gishirin da ke cikinsa, shi ya sa ruwa ne maganinsa, ba mai ba.

Ka raba bututu da ƙota idan ƙirar ta ba da dama. Idan nono mai kwancewa ne, ka kwance shi da sifanar da ta yi masa daidai, kana gefe. Ka tsoma gindin bututun a bokitin ruwa yadda ruwan zai rufe wajen nono da tsawon ɗani ɗaya ko fiye, bakin na kallon sama nesa da kowa. Ka bar shi aƙalla rabin awa. Idan nonon na walda ne ba ya kwancewa, ruwan ta siririn rami kaɗai zai shiga, don haka ka ba shi awoyi, ka kuma zuba wani ruwan ta baki. Ruwan da ya fara yin baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ya isa inda ake so.

Sannan a zaro. Ana amfani da ƙarfen ɗuri mai murɗaɗɗen baki wanda ke kama tsumman toshi idan an juya shi. Ka zaro toshin sama, ka kifa bututu ƙwayoyin dalma su zubo, ka zaro toshin ƙasa, sannan ka wanke taɓon albarushin da ruwa har ya fito ta nono. Na 'yan hawa ya fi sauƙi tunda albarushi da toshi ne kawai. Ko a nan, ka riƙe ƙarfen daga gefe kamar ba ka jiƙa komai ba.

Idan abin ya cije, ka tsaya. Kada ka sa bututu a wuta wai ya buɗe, kada ka kai wa mai walda. Idan za ka kai wa maƙerin da ke da izinin gyara, kalmar farko da za ta fito daga bakinka bayan sallama ita ce: "Malam, a ɗure take, na jiƙa ta amma ban zaro ba." Maƙera wuri ne na wuta da tartsatsi, ga yaron da ke zuga yana zaune daidai tsayin bakin bututu idan an kwantar da shi. Maƙerin da ya san aikinsa zai fita da ita waje kafin ma ya amsa gaisuwarka.

Nonon da ya ci tsatsa

Wannan sai bindiga ta zama fanko tukuna. Ka ɗiga masa kananzir, ka bar shi ya kwana, ka gwada da sifana daidai girmansa. Filaya cinye masa kusurwa take yi, daga nan babu abin da zai sake kama shi. Wajen mayarwa, ka fara da yatsu. Idan bai shiga da sauƙi ba zaren ya hau karkace, ka warware ka sake. Nonon da zarensa ya cinye yana iya fita da ƙarfin harbi, kuma inda yake fuskarka yake kallo. Haka idan ka lura guduma na komawa baya da kanta bayan harbi, ko hula na tarwatsewa fiye da dā, ramin nonon ya ci ya yi faɗi, iska mai zafi na dawowa ta nan. Sauyawa ake yi, ba faci ba.

Wanki, wanda shi ne asalin maganin

Fiye da rabin albarushin da ya ƙone ba iska yake zama ba, datti yake zama, wani ya fita cikin hayaƙi wani ya manne a bututu, kuma dattin nan yana jan danshi daga iska ya ci ƙarfe. Ranar da aka yi harbi ranar ake wanki. Ruwan zafi da ɗan sabulu, a sa gindin bututu a bokiti, a naɗa tsumma a ƙarfen ɗuri a riƙa ja da turawa har ruwan da ke fita ta nono ya yi fari. A ɗauraye da ruwa mai zafi sosai don ƙarfen ya ɗau zafi ya busar da kansa, a bi da busasshen tsumma, sannan a shafa mai kaɗan, irin na keken ɗinki. Baƙin man inji da ake ɗurawa har ya kwanta shi ne ke haɗuwa da dattin albarushi ya zama danƙon nan da ke toshe nono. A jingine ta bakinta ƙasa na kwana ɗaya ko biyu don rarar mai ta gangaro waje maimakon ta taru a gindi.

Ranar da za a fita kuma, a goge man da busasshen tsumma, a tabbatar da ƙarfen ɗuri cewa babu komai, a sa hula ita kaɗai a harba kusa da ganye ko busasshiyar ciyawa. Idan ganyen ya motsa, hanya a buɗe take. Tsakanin harbi da harbi a zura tsumma mai ɗan danshi don kashe garwashin da ya rage, kuma a riƙa zuba albarushi daga ɗan ma'auni, ba kai tsaye daga ƙaho ko gora ba, don idan garwashi ya kama, abin da ke ma'aunin kaɗai zai tashi.

Garin da ke cikin harsashin bature ba albarushi ba ne, ko da ya yi baƙi. Ƙarfinsa ya ninka abin da bututun bindigar toka zai iya ɗauka, kuma ɗan kaɗan ya isa ya tarwatsa ta. Kan ashana ma ba madadin albarushi ba ne, gogayyar ƙarfen ɗuri kaɗai na iya tayar da shi.

Matasa kan ga bidiyon Amurkawa a waya suna cire tsohuwar hula daga kwanson harsashi suna sake cika shi, sai su yi sha'awa. A can abin sha'awa ne da doka ta yarda da shi, da injinansa na musamman. A nan Najeriya haɗa harsashi ba tare da izini ba laifi ne. Wanda ya tsinci harsashi mai rai a gona ko a cikin kayan gwangwan, kada ya ƙwaƙule gindinsa, kada ya jefa a wuta, ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda.

Lokacin da ake ritayar bindiga

Bayan kowane wanki, ka bi bututun da yatsu daga gindi zuwa baki, ido a rufe ma ya fi, domin yatsa na jin kumburin da ido bai gani ba. Ka duba layin walda da kewayen nono ko akwai tsaga mai kama da gashi, ko wurin da baƙin datti ke tsattsafowa bayan harbi. Bututun da aka yi da fayif ɗin ruwa mai ɗinki a tsawonsa tun asali ba a yi shi don wannan matsi ba. Duk wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko tsatsa ta yi masa ramuka a ciki har tsumma na yagewa, aikinsa ya ƙare, ko da gadon kaka ne. Ɗaure shi da waya ko fatar akuya ba ya mayar masa da ƙarfi.

Wadda ke da lafiya kuma, ba a shiga da ita gida a ɗure. A sauke ta a tudun ƙasa kafin a shigo gari, ko a zaro cikinta. A ajiye ta inda hannun yara ba ya kai, hula a gwangwaninta mai murfi a wani wurin, albarushi a wani wurin daban mai bushewa, nesa da murhu da fitilar kananzir da inda ake cajin waya.